John Constable da Kwarin Stour: Fentin Mai, Gidan Uba da Gajimare

A tarihin zane-zanen Turai ba kasafai ake samun mai zanen da ya tsare kansa a ɗan yanki ƙarami na ƙasa kamar John Constable ba, domin mafi shaharar ayyukansa sun fito ne daga 'yan ƙauyukan da ke gaɓar kogin Stour a gabashin Ingila, waɗanda mai tafiya a ƙasa zai iya zagaye su tsakanin hantsi da la'asar. An haife shi a ƙauyen East Bergholt na yankin Suffolk ranar 11 ga Yuni, 1776, ya kuma rasu a Landan ranar 31 ga Maris, 1837, ba tare da ya taɓa tsallaka teku zuwa wata ƙasa ba, alhali a zamaninsa duk mai zanen da bai je Italiya ya ga kufan Rum da tsaunukanta ba ana ganin karatunsa da saura. Fannin da ya zaɓa shi ne zanen shimfiɗar ƙasa, wato hoton gonaki da koguna da itatuwa da sararin sama, inda mutane ko sun fito ba su ne jigon hoton ba, kayan aikinsa kuwa fentin mai. Sai dai manyan hotunan da duniya ta san Stour da su ba a bakin Stour aka zana su ba. A Landan aka zana su, bayan iyayensa sun rasu kuma shi kansa ya bar ƙauyen, saboda haka duk wanda ke son fahimtarsu dole ya riƙe abubuwa biyu tare, wato kaifin idon da ya auna komai daidai, da begen gida da ya zaɓi abin da za a auna.

Mahaifinsa, Golding Constable, attajirin hatsi ne mai injinan niƙa biyu da ruwa ke juyawa, ɗaya a Flatford ɗaya a Dedham, da wani da iska ke juyawa a filin East Bergholt, haɗe da jiragen dakon kaya da ke bin kogin. Stour, wanda shi ne iyakar Suffolk da Essex, an gyara shi don sufuri tun farkon ƙarni na 18 ta hanyar gina ƙofofin ruwa, wato wasu madatsai na katako masu ƙyaure biyu da ake cika tsakaninsu da ruwa ko a rage shi domin jirgi ya hau ko ya sauka. Dawakai ne ke jan jiragen daga wata siririyar hanya a gefen ruwa, su kai garin alkama Mistley a bakin teku, inda ake loda shi zuwa Landan, a dawo da kwal. Yayan John ba shi da lafiyar da zai iya riƙe kasuwanci, don haka uban ya sa ransa a kan ɗa na biyu, ya kuma sa shi aiki a injinan bayan ya gama makaranta a Dedham. Wannan ɗan zama ya bar masa abin da makarantar zane ba ta koyarwa. Mai kula da injin iska abincinsa yana rataye ne da yanayi, yana karanta sama kamar yadda manomi ke karanta hadarin gabas a farkon damina, ya san gajimaren da zai kawo iskar aiki da wanda zai kakkarya fikafikan injin idan ba a tsayar da su ba. Ƙanensa Abram ne daga baya ya karɓi ragamar kasuwancin, wannan kuma shi ya kwance wa John mari.

A 1799 uban ya amince, ba da son ransa ba, ɗan ya tafi Landan ya shiga makarantar Royal Academy, majalisar masu zane da ke ƙarƙashin inuwar sarautar Ingila, wadda baje kolinta na shekara-shekara shi ne kasuwar suna da ta ciniki ga duk mai wannan sana'a. A ma'aunin majalisar, zanen tarihi, wato hoton wani al'amari daga littattafan addini ko labaran Girka da Rum, shi ne a sama, sai zanen fuskokin manya wanda shi ke kawo kuɗi, shimfiɗar ƙasa kuwa tana can ƙasa-ƙasa. Ko a cikin wannan fanni ma akwai ƙa'ida, ita ce a yi koyi da magabata irin su Claude Lorrain, Bafaranshen da ya zauna a Rum a ƙarni na 17. Constable ya ƙaunaci Claude tun lokacin da Sir George Beaumont, wani basarake mai tara hotuna, ya nuna masa ƙaramin hotonsa na Hajara da mala'ika, amma a 1802, shekarar da ya fara baje aikinsa a majalisar kuma ya ƙi karɓar aikin koyar da zane a wata makarantar soja, ya rubuta wa abokinsa John Dunthorne, wani mai aikin famfo da gilashi a ƙauyensu, cewa ya gaji da neman gaskiya ta hannun wasu, zai koma Bergholt ya yi karatu kai tsaye daga abin da ido ke gani. A 1806 ya je yankin tafkuna na arewacin Ingila, inda masu zane ke tururuwa saboda tsaunuka, ya yi aiki tuƙuru, amma C. R. Leslie, abokinsa da ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1843, ya ruwaito cewa kaɗaicin duwatsu yana danne masa zuciya, shi mai son ƙauye ne da coci da gona da injin niƙa, wurin da ake ganin hannun mutum.

Kafin a bi shi zuwa bakin kogi, yana da kyau a fayyace abin da fentin mai yake. Garin launi ne da ake niƙawa cikin wani mai da ke daskarewa idan ya sha iska, galibi man 'ya'yan lilin, kuma bushewarsa ba ta ƙafewa ba ce irin ta fentin ruwa, man ne ke haɗuwa da iskar shaƙa a hankali har ya zama fata mai ƙarfi, abin da kan ɗauki kwanaki, idan da kauri ma makonni. Wannan jinkiri yana ba mai zane dama iri biyu masu kama da kishiyoyin juna. Yana iya ɗora launi a kan launi tun suna ɗanye, su cakuɗa a kan takardar cikin mintuna kaɗan, ya kama hasken da ba zai daɗe ba. Yana kuma iya barin shafi ya bushe, ya dawo bayan wata guda ya kankare, ya rufe, ya sake ginawa, har hoto ɗaya ya shekara a hannunsa. A zamanin Constable ba a ƙirƙiro bututun ƙarfe mai matsuwa da ake zuba fenti a ciki ba, domin sai a 1841 wani Ba'amurke mai suna John Goffe Rand ya fito da shi. Masu sayar da launi suna ɗaure fenti ne a ƙananan ƙunshi na mafitsarar alade, mai zane ya huda da ƙusa, ya matso abin da yake so, ya toshe ramin, kuma ƙunshin da aka huda ba ya jimawa bai bushe ba. Da irin wannan kaya yake fita, ya zauna a bakin ruwa da akwatin fenti a kan cinyarsa, ya maƙala takarda ko guntun ƙyalle a cikin murfin akwatin. Sau da yawa yakan fara shafe takardar da launin ja-ja mai duhu, ya bar shi yana leƙowa ta tsakanin koren ganye, abin da ke sa koren ya ƙara rai a ido.

Tsakanin 1814 da 1817 ya ɗauki wannan hanya har ƙarshenta, yana ƙoƙarin kammala hoton baje koli gaba ɗaya a fili. Hotonsa na ƙera jirgi kusa da Flatford, wanda ya baje a 1815, yana nuna jirgin dakon kaya da ake harhaɗawa a cikin busasshen rami na mahaifinsa, da katakai da kayan aikin kafinta a warwatse, da tukunyar kwalta, kuma an bi kowane abu da irin kulawar wanda ya san amfaninsa. Amma hotuna biyu da suka fi bayyana halinsa a wannan lokaci ƙanana ne, kuma ba don kasuwa ya yi su ba. A farkon 1815 mahaifiyarsa Ann, wadda ita ce ta fi kowa tsaya masa a kan sana'ar zane, ta kamu da ciwo tana cikin aiki a lambu, ba ta kuma tashi ba. Da bazarar wannan shekara, uban ma yana fama da jiki, Constable ya hau saman bene na gidansu ya zana abin da taga ke nunawa ta baya, hoto ɗaya na lambun furanni, ɗaya na lambun kayan miya. A cikin na farko inuwar gidan ta yi tsawo ta rufe gefen lambun yayin da rana ke haskaka gonaki da rumbuna a nesa. A cikin na biyu ana ganin kunyoyin kayan lambu a jere, da mai lambu a sunkuye, can a ƙarshen gani kuma ga injin iskar uban, ga kuma gidan limamin cocin ƙauyen. Babu alamar makoki a fili ko ɗaya, babu mutum sanye da baƙi, babu kabari, sai lissafin dukiyar gida dalla-dalla kamar na wanda ya san an kusa raba gado. Bai taɓa baje su ba, bai sayar ba, suna hannunsa har ya rasu, yanzu kuma suna gidan tarihi na Christchurch Mansion a Ipswich.

Gidan limamin da ke cikin hoton yana da nasa labarin. Mai shi, Dakta Rhudde, shi ne kakan Maria Bicknell, yarinyar da Constable ke nema tun 1809, kuma shi ne ya tsaya tsayin daka cewa jikarsa ba za ta auri ɗan mai niƙa wanda zane bai fara ciyar da shi ba, har da barazanar cire ta daga gado. Rasuwar Golding a 1816 ta bar wa John rabon da zai iya riƙe gida, sai aka ɗaura auren a watan Oktoba na wannan shekara a cocin St Martin-in-the-Fields da ke Landan, amininsa John Fisher, wanda malamin coci ne, ya jagoranci bikin. Suka zauna a Landan, aka sayar da gidan Bergholt bayan 'yan shekaru, ziyarar Suffolk ta zama ta jefi-jefi.

Daga nan ne aikin ya sauya. Domin a kula da shi a zauren majalisa, inda hotuna ke cunkushe daga ƙasa har rufi, ya fara zana Stour a kan ƙyallen da faɗinsa ya kai ƙafa shida, girman da aka saba keɓe wa yaƙe-yaƙe da annabawa. Na farko, The White Horse na 1819, yana nuna farin doki tsaye a cikin jirgi ana tsallakar da shi, domin a wurin hanyar jan jirgi tana komawa ɗaya gaɓar. Fisher ya saye shi, kuma a ƙarshen shekarar aka zaɓi Constable ɗan majalisa na matakin farko, yana da shekara 43. Jerin ya ci gaba har 1825, inda The Leaping Horse ya nuna dokin jirgi yana tsallake shingen da manoma ke gittawa a kan hanyar don kada shanu su ɓace. Wanda ya fi suna a cikinsu, The Hay Wain na 1821, amalanken ɗaukar ingirici ne da dawakai ke ja, babu kaya a kansa, yana ratsa ruwa mara zurfi a gaban gidan wani manomi maƙwabcinsu mai suna Willy Lott, ga kare a gaɓa yana kallo, can nesa kuma masu yankan ciyawa kamar ɗigo-ɗigo. A cikin hunturun Landan ya zana wannan tsakar rana ta bazara, yana dogaro da ƙananan zane-zanen da ya yi shekaru da dama kafin nan, har sai da aka sa ɗan Dunthorne ya zana masa fasalin amalanke a ƙauye aka aika masa. Ya kuma ƙirƙiro wata dabara da ba a saba gani ba, wato kafin ya taɓa hoton da za a baje, sai ya yi gwaji da fentin mai a kan wani ƙyalle mai girman daidai da shi, da hannu sake, yana tura haske da duhu daga nan zuwa can har tsarin ya zauna. Wannan ninkin aiki ne da ninkin kuɗin kaya, amma da alama ita ce hanyar da ya samu ta dawo da zafin aikin fili cikin ɗaki.

Abin da shi kansa yake tunani game da wannan duka ya fito sarai a wasiƙar da ya aika wa Fisher a watan Oktoba na 1821. A ciki ya lissafa abubuwan da yake ƙauna, kuma ba abubuwan da mawaƙa ke yabo ba ne: ƙarar ruwa yana kuɓucewa daga madatsar injin niƙa, itatuwan bakin rafi, ruɓaɓɓun katakai, turaku masu gansakuka, tsohon ginin bulo. Ya ce yarintarsa ta rashin damuwa tana ɗaure da gaɓar Stour, cewa waɗannan wurare ne suka mai da shi mai zane, kuma a wurinsa zane da abin da zuciya ke ji abu ɗaya ne. A wannan wasiƙa ce kuma ya kare kansa daga masu cewa samansa ta cika ɗaukar ido, yana mai cewa sama ita ce tushen haske, ita ke mulkin komai a hoto. A lokacin yana tsakiyar wani aiki da ya ɗauke shi bazarar 1821 da ta 1822 a tudun Hampstead, arewa da Landan, inda iyalinsa ke zuwa shan iska saboda lafiyar Maria. Can ya riƙa zana gajimare zalla da fentin mai a kan takarda, wasu ko reshen itace babu a ciki, a bayan takardar kuma ya rubuta kwanan wata, da sa'a, da inda iska ke fitowa, wani lokaci har da abin da yanayin ya zama daga baya. Ilimin yanayi yana jariri a lokacin, domin a farkon ƙarnin ne Luke Howard ya raba gajimare gida-gida ya ba su sunayen Latin da ake amfani da su har yau, Constable kuma ya mallaki littafin Thomas Forster a kan al'amuran sararin sama, ya yi rubutu a gefen shafukansa.

Ingila ba ta yi saurin karɓarsa ba. Idon masu sayen hoto ya saba da tsofaffin ayyukan da man shafe na kariya ya rine su suka koma ruwan ƙasa, har suka ɗauka haka kyakkyawan hoto yake. Leslie ya ruwaito cewa Beaumont ya taɓa ba da shawarar launin hoto ya yi kama da na tsohon gogen Turawa, sai Constable ya ɗauko goge ya ajiye a kan koriyar ciyawar ƙofar gida domin a ga tazarar da ke tsakani. Ɗigon farin fenti da yake watsawa a kan ganye da ruwa don kama ƙyallin raɓa, masu suka sun yi masa laƙabi da dusar ƙanƙarar Constable, Henry Fuseli kuwa, ɗaya daga cikin dattawan majalisar, yakan yi ba'a cewa hotunan suna sa shi neman babbar riga da laima. The Hay Wain bai sami mai saye ba a 1821. Wani dillali mai suna John Arrowsmith ne ya kai shi Paris, aka baje shi a babban kolin 1824, Sarki Charles na Goma ya ba Constable lambar zinariya, matasan masu zane irin su Eugène Delacroix kuma suka tsaya suna nazarin yadda ya farfasa kore gida-gida maimakon shafa shi bai ɗaya. Constable bai je ya karɓi yabon da kansa ba.

Akwai abin da hotunan suka yi shiru a kansa, kuma adalci ne a faɗe shi. Shekarun da ya zana Stour cikin natsuwa shekaru ne na ƙunci a karkarar gabashin Ingila, bayan ƙarewar yaƙe-yaƙen Napoleon a 1815, lokacin da aikin gona ya yi ƙaranci, lada ya faɗi, aka yi tarzoma a 1816 da 1822, leburori suna ƙona tarin hatsi suna farfasa injinan sussuka. Constable ya san da wannan, domin labarin yana zuwa masa daga gida, kuma ra'ayinsa na siyasa na masu dukiya ne, har ya tsorata ƙwarai da dokar gyaran zaɓe ta 1832. Masanin adabi John Barrell, a littafin da ya wallafa a 1980, ya nuna yadda ma'aikata a hotunansa suke can nesa, ƙanana, kullum a bakin aiki, ba a ganin fuskarsu balle a karanta abin da ke ransu. Wannan suka tana da tushe, ko da yake ba ta rushe hotunan ba, ta dai bayyana daga inda aka tsaya aka kalli kwarin, wato daga tagar ɗan mai injin. Gaskiyar da ya yi alkawari a 1802 ya cika ta a kan ruwa da katako da gajimare, a kan mutane kuwa ya zaɓi abin da ya tuna tun yana yaro.

Maria ta haifa masa 'ya'ya bakwai, tarin fuka kuma yana cin ta a hankali. Daga 1824 ya riƙa kai ta Brighton a bakin teku, garin da bai so ba saboda hayaniyar masu shaƙatawa, ko da yake ya yi wasu daga cikin mafi ƙarfin ƙananan zane-zanensa a can, ciki har da na ruwan sama yana zuba a kan teku, wanda aka yi da 'yan jan buroshi masu duhu daga sama zuwa ƙasa. Ta rasu a watan Nuwamba na 1828 tana da shekara 41, 'yan watanni bayan mahaifinta ya bar musu gadon fam 20,000 da ya raba su da damuwar kuɗi. A watan Fabrairu na 1829 aka zaɓe shi cikakken ɗan majalisa yana da shekara 52, matsayin da mai zane J. M. W. Turner, wanda ya girme shi da shekara ɗaya kacal, ya samu tun 1802. Hoton da ya baje a wannan shekara na kufan ganuwar Hadleigh ne a bakin kogin Thames, hasumiya a tsage ƙarƙashin sama mai hargitsi. Daga nan hannunsa ya ƙara nauyi, ya riƙa ɗora fenti da wuƙar haɗa launi maimakon buroshi, yana kankarewa yana maimaitawa har fuskar hoton ta yi kaushi, kamar yadda ake gani a hoton babban cocin Salisbury na 1831 mai bakan gizo, da The Valley Farm na 1835, inda gidan Willy Lott ya sake dawowa, amma ya ƙara girma da duhu fiye da yadda yake a zahiri.

A shekarunsa na ƙarshe ya dage wajen bayyana manufarsa ga jama'a. Daga 1830 ya haɗa hannu da mai sassaƙa David Lucas suka fitar da jerin hotunan bugu da ake kira English Landscape, ta hanyar sassaƙa a kan farantin ƙarfe wadda ke fitar da matakan duhu da haske ba tare da launi ba, ya kuma sa hoton gidan mahaifinsa na East Bergholt a shafin farko. Aikin ya ci masa kuɗi bai dawo da su ba. A laccocin da ya gabatar a Royal Institution a 1836 ya yi hujja cewa zane ilimi ne na binciken dokokin halitta, kowane hoto kuma tamkar gwaji ne a cikin wannan bincike. Bayan rasuwarsa abokai suka yi karo-karo suka sayi The Cornfield na 1826 suka ba gidan hotuna na ƙasa da ke Landan, inda The Hay Wain ya same shi a 1886. Ƙananan zane-zanen fili da na gajimare kuwa, waɗanda bai ɗauke su kayan baje koli ba, sun zauna a hannun 'ya'yansa har 1888, lokacin da 'yarsa Isabel ta miƙa ɗaruruwansu ga gidan tarihi na South Kensington, wanda yanzu ake kira Victoria and Albert. Masu kallo na wannan lokaci, da idonsu ya riga ya saba da aikin Bafaranshen mai zane Monet da abokansa, sun ga a cikinsu wani mai zane daban da wanda kakanninsu suka sani, kuma tun daga nan masana suke jayayya a kan wanne ya fi, gwajin da ya yi da hannu sake ko hoton da ya kammala ya kai majalisa.